Dashen Haƙori: Yadda Ƙwayoyin Cuta Ke Kama Jikin Ƙarfen

Ku dubi ɗan sukurun da ake dasawa a ƙashin muƙamuƙi a ɗora masa haƙorin roba. Titaniyam ne, irin wanda likita Brånemark na ƙasar Suwidin ya fara dasa wa mutum a 1965. Da gangan ake sa wa jikinsa kaushi, a fesa masa yashi a jiƙa shi a asid, don ƙashin muƙamuƙi ya samu wurin kamawa. To, kaushin nan ƙwayoyin cuta ma shi suke nema.

Cikin 'yan mintuna furotin ɗin miyau yake lulluɓe duk inda ƙarfen ya leƙo. Ƙwayoyin cuta dangin Streptococcus su fara sauka, Fusobacterium ya zama gadar da wasu ke maƙalewa a kai, sannan Porphyromonas gingivalis, mai haddasa zaizayar ƙashi, ya iso. Sai su rufe kansu da yauƙi wanda magani ba ya ratsa shi da sauƙi. Kaushin wuyan dashen in ya wuce mikromita 0.2 (mikromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), taruwarsu na ƙaruwa, shi ya sa ake goge wuyan sumul.

Da farko dasashi ne kawai zai kumbura yana jini, kuma ana iya warkar da wannan. In aka bari har ramin da ke tsakanin dasashi da dashen ya kai milimita 6, hoton asibiti ya nuna ƙashi ya zaizaye, an shiga wani hali, domin ƙarfe ba shi da jijiyar da ke ɗaure haƙorin asali ta tare ɓarna.

Nan batun shafi ya shigo, wato shafa wa jikin sukurun abin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Ana gwada ƙwayoyin azurfa, jan ƙarfe, zinki, da magunguna irin su kuloheksidin da jentamaisin. Amma maganin yakan fita da yawa a kwanakin farko ya ƙare. Azurfa in ta yi yawa tana kashe ƙwayoyin da ke gina ƙashi. Kuma murɗa sukurun cikin ƙashi da ƙarfi na iya kankare shafin tun ranar dashen. Mafi yawan irin waɗannan shafe-shafen har yau a ɗakin gwaji suke.

Saboda haka likita ya tabbatar bai bar ragowar simintin manna haƙorin a ƙarƙashin dasashi ba, wajen wanke dashen kuma kada ya kankare ƙarfen da kayan baƙin ƙarfe, ya yi amfani da iskar garin gilisin, wani gari mai laushi da ake fesawa. Mai dashen kuma ya bar sigari, ya daidaita sugansa, ya riƙa zura ɗan burushin tsakanin haƙora kullum.