Fim ɗin Salahuddin da Mustafa Akkad ya rasu bai yi ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, daga nan birnin Shehu.

Da wuya a samu gidan da ba a taɓa kallon fim ɗin Umar Mukhtar ba, ko na Risala. Iyayenmu sun kalle su a kaset ɗin bidiyo, mu muka tarar da su a faifai, yaran yanzu kuma a waya. Amma in ka tsayar da mutum goma a bakin babbar kasuwa ka ce wa ya shirya su, ba lalle ka samu ɗaya da zai faɗa maka ba.  Sunansa Mustafa Akkad, ɗan ƙasar Siriya. Waɗannan biyun su kaɗai ne manyan finafinan da ya ba da umarni a duk rayuwarsa, kuma bayan na biyun ya yi shekara 24 a duniya bai sake yin wani ba. Ba don labari ya ƙare masa ba. Yau za mu duba waɗanda ya so ya yi, Allah bai nufa ba.

An haife shi a Halab a 1930. Mahaifinsa ma'aikacin kwastam ne, kuma ranar da zai tafi Amurka karatun fim, guzurin da ya ba shi dala 200 ne da Alƙur'ani guda. Ya yi karatu a jami'o'i biyu a Kalifoniya, can ya haɗu da wani darakta mai suna Sam Peckinpah, wanda ya ɗauke shi mai ba da shawara a kan wani fim na yaƙin 'yancin Aljeriya. Wancan fim ɗin bai taɓa fitowa ba. Kun ga ke nan tun aikinsa na farko ya fara sanin ɗacin fim ɗin da ya mutu a takarda.

Kafin mu je kan Salahuddin, sai mun gane yadda aka yi biyun farko suka samu fitowa, don amsar tana can.

Risala ya fito a 1976. Akkad ya kai rubutun labarin wurin malaman Azhar suka duba, aka tsaya a kan cewa ba za a nuna fuskar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba, ba za a ji muryarsa ba, haka ma halifofi huɗu. Ku lura da dabarar da ya yi a nan. Kyamara ce take tsayawa a gurbin Annabi. Sahabi zai fuskanci kyamara ya yi magana, ya yi shiru yana saurare, ya gyaɗa kai, sannan ya maimaita wa jama'a abin da aka umarta. Abin da za ka gani bai wuce raƙuma da sanda ba. Sayyidina Ali kuwa, bakin takobinsa mai harshe biyu kawai ake nunawa. Kuma sau biyu ya ɗauki fim ɗin a wuri ɗaya: 'yan wasan Turanci su yi fitowa, Anthony Quinn a matsayin Hamza, su koma gefe, 'yan wasan Larabci su shigo su yi wannan fitowar, Abdullahi Gais a matsayin Hamza.

An fara aikin a Maroko, an gina Makka ta wancan zamani a kusa da Marrakesh. Ana cikin haka matsin lamba daga Saudiyya ya sa aka dakatar da aikin, masu ba da kuɗi suka janye. Wanda ya ceci fim ɗin shi ne Gaddafi, ya ce a kwaso kaya a dawo Libiya, ya zuba kuɗi aka ƙarasa.

Na Umar Mukhtar ma gwamnatin Libiya ce ta biya, kimanin dala miliyan 35, kuɗi mai nauyi ƙwarai a wancan lokaci. Ya fito a 1981. Abin da ya dawo daga gidajen silima bai kai miliyan biyu ba. Italiya ta hana nuna shi a 1982, ta ce ya zubar da mutuncin sojanta, ba a haska shi a talabijin ɗin ƙasar ba sai a 2009, lokacin da Gaddafi ya kai ziyara Roma. Mu a nan fim ɗin ya shiga ranmu, kuma ba abin mamaki ba ne. Mutanen da kakanninsu suka tsaya a Giginya a watan Maris na 1903, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi inda ya yi shahada, ba sa buƙatar a yi musu bayanin malamin allo da ya hau doki ya tari tankar Bature. Amma mai zuba kuɗi a Holiwud ba ya lissafi da hawayenmu. Takarda yake dubawa: an kashe 35, an samu ƙasa da biyu.

To da me wanga mutum yake cin abinci duk tsawon shekarun nan? A nan ne labarin yake da ban dariya. A 1978 ya ba wani matashin darakta, John Carpenter, kimanin dala 300,000 ya yi wani ɗan fim na ban tsoro mai suna Halloween. An ɗauke shi cikin kwana ashirin ko makamancin haka. Fuskar robar da makashin yake sawa, a shago aka saye ta kan ƙasa da dala biyu aka shafa mata farin fenti. Fim ɗin ya kawo kusan dala miliyan 70 a duniya. Akkad ya riƙe shi gam, sunansa yana kan kashi takwas na farko, daga 1978 zuwa 2002. Don haka a Amurka, in ka ambaci Akkad, mai finafinan dodo suka sani. A Alkahira da Sakkwato kuma, mai fim ɗin Musulunci.

Yanzu ga babban burin nasa: Salahuddin Al-Ayyubi.

Ga wanda ya manta, Salahuddin Bakurde ne, haifaffen Tikrit a Iraƙi ta yau. Ya haɗa Masar da Sham ƙarƙashin tuta ɗaya, ya murƙushe rundunar 'yan Salibiyya, wato mayaƙan Kiristocin Turai, a Hittin a watan Yuli na 1187, a watan Oktoba ya karɓi Ƙudus bayan shekara 88 tana hannunsu. Lokacin da su suka ci birnin a 1099, kisan kiyashi suka yi wa Musulmi da Yahudawa. Shi da ya shiga bai rama ba. Ya sa fansa, dinari goma ga namiji, biyar ga mace, ya saki da yawa daga cikin waɗanda ba su da abin biya. Ya gwabza da Sarki Richard na Ingila har suka yi sulhu a 1192, ya rasu a Dimashƙa a 1193, kuma masu tarihi sun rubuta cewa abin da aka samu a taskarsa bai isa hidimar jana'izarsa ba. Ko Turawan da ya yaƙa sun yaba halinsa. Shi ya sa Akkad ya zaɓe shi. Ba mu yake son ya yi wa wa'azi ba, mu mun riga mun sani. Baturen da ke zaune a silima a Landan ko Shikago yake nema.

Rubutun labari ya kammala. Wurin ɗauka, Jodan. Jarumin da aka ambata, Sean Connery, wanda duniya ta sani da James Bond. Kuɗin da ake buƙata, dala miliyan 80. Wannan na ƙarshen ne ya gagara.

Wani zai ce me ake yi da miliyan 80 a fim ɗaya? Ku tuna hawan Sallah. Tambayi duk mai doki abin da yake kashewa kafin ya fito da doki ɗaya rana ɗaya: sirdi, linzami, jalala, harawa, dawa, ɗan kula da shi. To ka mai da shi doki ɗaruruwa, kowane mahayi da sulke da kwalkwali da garkuwa, ka kai su hamada ka ajiye watanni, kowa sai ya ci ya sha ya kwana, ga ganuwar Ƙudus da za ka gina don kawai a rushe ta gaban kyamara. A zamanin da Akkad ya fara neman kuɗin nan, kwamfuta ba ta kai ta ƙirƙiro maka runduna ba. In kana son mutum dubu a fili, sai ka kawo mutum dubu.

Ƙofa uku ce mai irin wannan fim zai iya bugawa. Kamfanonin Holiwud sun riga sun ga abin da ya samu na Umar Mukhtar. Libiya, wadda ta ɗauki nauyin biyun farko, ta shiga takunkumin Amurka, sannan na Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1992 saboda jirgin saman da aka tarwatsa da bam a Lockerbie, ba a ɗage shi gaba ɗaya ba sai 2003. Saura attajirai da gwamnatocin Larabawa, kuma Akkad ya sha kokawa a hirarrakinsa cewa ana yaba masa da baki, hannu kuma ba ya shiga aljihu.

A ganina akwai wani abu ƙari a kan rowa. Salahuddin ya zama riga da kowane shugaba yake son ya sa. Fim ɗin da Yusuf Shahin ya yi a Masar a 1963, masu nazari da yawa sun ce Jamal Abdunnasir aka zana da sunan Salahuddin, har ba a damu da ambaton cewa Bakurde ne ba. Saddam Husaini, da yake shi ma mutumin yankin Tikrit ne, ya riƙa jingina kansa da shi. Hafiz Al-Assad ya kafa masa mutum-mutumi a Dimashƙa. Duk shugaban da zai ba ka miliyan 80, zai so ya hango fuskarsa a fuskar jarumin. Darakta kuma in yana son Bature ya yarda da fim ɗinsa, dole ya guji a ce farfaganda ce.

Ana ta jira, shekaru suna tafiya. Anthony Quinn ya mutu a 2001. Sean Connery sa'an Akkad ne, shi ma 1930 aka haife shi, a 2005 yana da shekara 75, alhali Salahuddin ya ci Ƙudus yana ɗan kimanin 50. Fim ɗin Connery na ƙarshe da ya fito da fuskarsa a 2003 ne, daga nan ya ajiye aiki.

Sai ga shi a watan Mayu na 2005 Ridley Scott, Baturen Ingila, ya fitar da Kingdom of Heaven a kan dala miliyan 130. Ga Ƙudus, ga Salahuddin, kuma ɗan Siriya ne ya fito a matsayinsa, Gassan Mas'ud. Gaskiya ya yi ƙoƙari, an kuma mutunta Salahuddin a ciki, ban da ƙorafi a kan wannan. Sai dai labarin na Balian ne, Baturen da ya kare birnin. Kyamara tana cikin ganuwa tana leƙen Musulmi a waje. Akkad so ya yi ya tsaya da ita a sansanin Salahuddin.

Akwai wasu biyu da ake ambata cikin burinsa, duka a kan Andalus. Ɗaya labarin Subh ne, wadda wasu ke kira Sabiha, baiwa daga arewacin Sifen da ta zama sa-ɗakar Halifa Hakam na biyu a Ƙurɗuba. Da ya rasu a 976, ɗanta Hisham yana yaro ya hau gado, ita ce ke juya mulki ta bayan labule. Ita ta ɗaga wani ma'aikacin fada, Ibn Abi Amir, har ya yi ƙarfi, ya zama Al-Mansur, ya tsare yaron a fada, ita kuma ya ture ta gefe. Wannan ko masu shirya mana finafinai masu dogon zango suka samu, sun samu abin yi.

Ɗayan ya fi ban mamaki. Wani malamin coci na Ingila, Matthew Paris, ya rubuta cewa a 1213 Sarki John na Ingila, da ya rasa mafita tsakanin Fafaroma da manyan fadawansa, ya aika jakadu wurin Muhammad An-Nasir, sarkin Muwahhidun na Maroko da Andalus, yana neman kariya, har da tayin musulunta da biyan haraji, sarkin kuma ya ƙi. Masana tarihi da yawa suna shakkar ingancin labarin, don haka kada wani ya tafi majalisa ya ce Ingila ta kusa musulunta. Akkad ya kuma so ya mallaki babban wurin shirya finafinai, har ya taɓa neman sayen Pinewood na Ingila, cinikin bai faɗa ba.

Ranar 9 ga Nuwamba 2005, Akkad yana otal ɗin Grand Hyatt a Amman tare da ɗiyarsa. 'Yan ƙunar baƙin wake suka tayar da bamabamai a otal uku na birnin, mutum kusan 60 suka mutu. Ƙungiyar Alƙa'ida reshen Iraƙi, ta Zarƙawi, ta ce ita ta kai harin. Ɗiyar ta rasu nan take. Shi ya cika bayan kwana biyu, ranar 11 ga wata, aka kai shi Halab aka rufe. Mutanen da ke cewa jihadi suke yi su ne suka kashe wanda ya yi Risala, a ƙasar da ya shirya ɗaukar Salahuddin. Allah Ya jiƙansa da rahama.

A 2018 Saudiyya ta ba da izinin nuna Risala a gidajen silimarta, shekara 42 bayan fitowarsa. Sean Connery ya mutu a 2020. Ɗan Akkad, Malik, ya gaji kamfanin ya ci gaba da Halloween: wanda aka fitar a 2018 ya kawo sama da dala miliyan 250, kuma zuwa 2022 jerin ya kai fim 13.