Tausar rage kumburi: wa take yi wa amfani, wa ya kamata ya guje ta?

Jama'a, assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa jin ciwo a ƙafa, bayan kwana biyu kaluluwa ta fito masa a matsematsi, ya riga ya san wani abu game da maganarmu ta yau. Irin waɗannan 'yan ƙululun ɗaruruwa ne a jiki, musamman wuya, hamata da matsematsi. Wasu siraran hanyoyi ne ke kai musu ruwan da ya tsatso daga jini, su tace shi, sannan ya koma cikin jini ta gindin wuya. Jini yana da zuciya mai harba shi, shi kuwa wannan ruwa galibi motsin tsoka da numfashi ne ke taimaka masa ya tafi. Idan hanyar ta toshe, sai hannu ko ƙafa ta kumbura ta yi nauyi.

Wani ɗan ƙasar Denmak, Emil Vodder, da matarsa Estrid ne suka tsara tausar da ke taimaka wa ruwan nan ya tafi a Faransa, suka gabatar da ita a Faris a 1936. Kada ku ɗauka irin matsar da ake yi wa mai ciwon baya ce. Hannu a hankali yake bi, kamar ana shafa kan jariri, domin hanyoyin nan dab da fata suke. Ana kuma fara buɗe hanya daga wuya kafin a gangaro wurin kumburin.

Waɗanda suka fi amfana su ne matan da aka yi wa aikin kansar mama aka cire musu kaluluwar hamata, hannu ya riƙa kumbura. Tausar na sassauta nauyi da ɗaurewar fata, amma ita kaɗai ba ta isa ba: sai an haɗa da naɗin bandeji, motsa jiki da tsaftar fata. Masu tundurmi, wanda sauro ke yaɗa tsutsarsa, su ma wanke ƙafa kullum da ɗaga ta ne ginshiƙin kulawarsu.

Masu talla a Instagram cewa tana narkar da tumbi ko fitar da guba kuwa, ku riƙe kuɗinku. Kitse ba ya tafiya da tausa, tace guba kuma aikin hanta da ƙoda ne.

Sai babban gargaɗi. Mai ciwon zuciya ko ƙoda, da wanda ƙafarsa ɗaya ta kumbura farat ɗaya tana zafi, kada a yi masa wannan tausa. Idan gudan jini ne ya toshe jijiya, tausa na iya tura shi huhu. Haka in fatar ta yi ja ga zazzaɓi, kada a yi tausar. Mai juna biyu da fuska da hannu suka kumbura, Hajiya, awon hawan jini za ki fara yi.

A nan Kano akwai sashen gashin ƙashi a Asibitin Malam Aminu Kano da na Dala. Likita ya fara gano musabbabin kumburin, sannan ku tambaya ko akwai wanda ya ƙware a irin wannan tausa.