Darasi na kompilatar: idan mai rubutu ya yi kuskure, me za mu ce masa?

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka. Daga nan Yamai nake magana da ku, kuma yau za mu ci gaba da ɗan kompilatar ɗin da muke ginawa tare, wato manhajar da ke fassara kod ɗin da mutum ya rubuta zuwa abin da na'ura za ta iya gudanarwa. Ya riga ya iya karanta shiri mai kyau. Amma mafi yawan abin da za a riƙa ba shi shiri ne mai kuskure, domin haka aikin rubuta kod yake. Yanzu duk abin da namu ya iya cewa shi ne "kuskure", ya yi shiru. Kamar a tambaye ka ina gidanka ka ce a Yamai yake.

Ku duba allo. Ga ɗan shiri a harshen C. A layi na 4 na rubuta jimla = a + b, da gangan ban sa waƙafi mai ruwa (;) na ƙarshe ba. Layi na 5 kuma return jimla; ne, lafiyarsa lau. To tsohon GCC, sanannen kompilatar na C, layi na 5 yake nuna maka, ya ce yana jiran waƙafi mai ruwa kafin return. Sai ka ga sabon ɗalibi ya zuba wa layi na 5 ido, ya share, ya sake rubutawa, abu ya ƙi. Me ya jawo haka? Kompilatar guntu-guntu yake karatu. Da ya wuce b bai san an yi kuskure ba tukuna, don mai yiwuwa lissafin ya ci gaba a layi na gaba. Sai da ya ci karo da return sannan ya gane. Wato inda na'ura ta farga daban, inda hannun mutum ya kuskure daban. Wannan shi ne zuciyar darasin yau: saƙonmu ya mayar da mutum inda hannunsa ya kuskure. Tun daga GCC 8, a 2018, ƙarshen layi na 4 ake nuna maka, har a zana maka alamar da ta ɓace a gurbinta.

Yaya za mu yi a namu? Kowane guntu da muka yanko daga rubutu ya riƙe lambar layinsa, da inda ya fara, da inda ya ƙare. Sannan mai karanta tsari, wato ɓangaren kompilatar da ke duba jerin guntayen, ya riƙa tuna guntun da ya wuce, ba na gabansa kaɗai ba. Idan ya nemi waƙafi mai ruwa bai samu ba, sai ya nuna ƙarshen guntun baya. Layi uku ne na kod, ga su nan ina rubutawa.

Baka da aka buɗe ba a rufe ba ta fi wannan wahalarwa. Masu harshen Python sun san ta: kafin Python 3.10 sai a ce maka invalid syntax a wani layi na ƙasa da bai ci ba bai sha ba. Daga 3.10, a 2021, saƙon ya koma '(' was never closed, kuma bakar da ka buɗe ake nuna maka. Mu ma duk bakar da aka buɗe mu ajiye ta da lambar layinta, in an rufe mu cire. Abin da ya rage a ƙarshe shi ne mai laifi.

Kuma ku buga layin kansa a cikin saƙon, da ƴar kibiya a ƙarƙashin wurin. Clang, wani kompilatar na C, ya yi suna da wannan tun farkonsa, GCC ya bi sahu a 4.8, shekarar 2013. Evan Czaplicki, mai harshen Elm, ya sake fasalin saƙonninsa a 2015 suka zama kamar mutum ke maka bayani, kuma masu harshen Rust sun ɗauki darasi daga gare shi a sabon tsarin da suka fitar a 2016. Abin da ya fi burge ni a Rust: idan ka yi amfani da wata daraja bayan ka riga ka miƙa ta, wurare biyu yake nuna maka, inda ka miƙa da inda ka sake taɓawa. Kuskuren yana da lamba, E0382, in ka buga rustc --explain E0382 ya ba ka cikakken bayani da misali. Ku ba naku kurakuran lambobi. Mu da muke son saƙonmu ya fito da Hausa, wani na son Faransanci, lambar ce za ta haɗa mu wurin bincike. Af, wanda GCC ɗinsa ke magana da Faransanci, ya sa LC_ALL=C a gaban umarnin, zai samu saƙon Turanci da ya fi sauƙin nema a intanet.

Kada kuskure guda ya haifi talatin. In an samu matsala, ku tsallake zuwa waƙafi mai ruwa na gaba ko akolad mai rufewa, wato alamar }, ku ci gaba daga can. Sunan da ba a sani ba kuma a faɗe shi sau ɗaya a kowace fonksiyon, wato yankin kod mai suna da ake kira ya yi wani aiki, haka GCC ke yi. In mutum ya rubuta jimal alhali akwai jimla, ku ce "ko jimla kake nufi?" Amma sai bambancin bai wuce harafi ɗaya ko biyu ba. Shawarar da ba daidai ba, wallahi gara babu ita, domin sabon ɗalibi yarda yake da duk abin da na'ura ta ce.

Sai gargaɗi. A 2014 an gano a kod ɗin tsaro na Apple an maimaita layin goto fail; sau biyu a ƙarƙashin if marar akolad. A ido, na biyun kamar yana cikin sharaɗin, alhali kullum aiki yake, sai aka riƙa tsallake binciken sa hannu na haɗin intanet. A ƙa'idar C babu laifi, shirin ya wuce. GCC 6, a 2016, ya zo da gargaɗin -Wmisleading-indentation, yana cikin -Wall, zaɓin da ke kunna tarin gargaɗi, kuma irin wannan yake kamawa. Don haka ku riƙa sa -Wall da -Wextra a aikinku. A namu kuwa, duk gargaɗin da ke yawan tashi a kan kod mai kyau ku cire shi, in ba haka ba mutane su saba da wuce shi ba karantawa. Kowane gargaɗi ya fito da sunansa a ƙarshen layi, don mai buƙata ya iya kashe shi shi kaɗai.

Aikin gida: ku buɗe jaka, ku zuba ɓatattun shirye-shirye guda 10, kowanne da fayil a gefensa mai ɗauke da saƙon da kuke so ya fito, harafi da harafi. Masu Rust haka suke gwada nasu. Ku fara da waƙafi mai ruwa da baka, su za mu duba a darasi na gaba in Allah ya kai mu.