Hawa Babur a Filin Tsere: Wane Fili, Wane Rukuni?

Ka buɗe fom ɗin rajista, ga akwatuna uku suna kallonka: 'yan koyo, matsakaita, gwanaye. Shekara goma kana kan babur, don haka yatsanka ya nufi na tsakiya. Dakata tukuna.

Ranar hawa a filin tsere ba gasa ba ce. Masu shiryawa ne ke hayar filin, su raba mahaya rukuni-rukuni, galibi uku. Kowane rukuni ya shiga na kimanin minti 20, ya fito ya huta minti 40, a yi ta juyawa har yamma. Babu kofi, babu na ɗaya. A wurare da yawa ma ba a yarda ka auna lokacinka ba.

To me ya raba rukunan? Mutane suna zaton gudu ne. Gudu yana ciki, amma babban ma'aunin shi ne: wanda ke bayanka zai iya sanin abin da za ka yi kafin ka yi shi? Dubi wannan mahayin. Duk zagaye a wuri ɗaya yake taka burki, a wuri ɗaya yake kwantar da babur, ta layi ɗaya yake fita daga kwana. Na bayansa ya karance shi, zai sha gabansa hankali kwance. Yanzu dubi wannan. A miƙaƙƙiyar hanya ya murɗa totur har ƙarshe, babu mai kamo shi. Da ya iso kwana sai ya firgita, ya danne burki tun da nisa, ya yanko daga gefe zuwa gefe. Babur ɗinsa ya fi na kowa ƙarfi, kuma shi ne ya fi kowa haɗari a filin.

Shi ya sa shekarun titi ba sa shiga lissafi. Titi ya koya maka duba madubi da tsoron mota mai tahowa. A nan madubin ma ana cire shi ko a liƙe shi, domin alhakin wucewa lafiya yana wuyan na baya. A rukunin 'yan koyo za a fara da zagaye a hankali bayan mai horarwa, a nuna maka layi da inda masu tuta suke tsaye. Tuta rawaya: akwai haɗari a gaba, rage gudu, kada ka wuce kowa. Ja: an tsayar da hawa, koma ciki. Dokar wucewa ma ta fi tsauri a nan, wasu masu shiryawar ba sa bari a kutsa ta cikin kwana sam.

Ni dai a ganina, gara mai horarwa ya tare ka da tsakar rana ya ce ka fi ƙarfin nan, hau gaba, da a kira ka gefe a ce sauko.

Sai fili. Sunan da ka saba ji a talabijin shi zai fara jan ka, amma abu uku za ka duba: tsawo, faɗi, da abin da ke jiranka idan ka kauce daga kwalta. Silverstone a Ingila tsohon filin jirgin sama ne, shimfiɗaɗɗe, mai faɗi, da sarari a gefe. Sai dai babban zagayensa ya kusa kilomita 6, kwana 18. A minti 20, sau nawa za ka maimaita kowace kwana? Kafin ka haddace, an ɗaga tutar tashi. Gajeren zagayen Brands Hatch, shi ma a Ingila, bai kai kilomita 2 ba, kwanonin kaɗan ne, kana dawowa kansu kamar mai bitar karatu. Illarsa cunkoso, da gangaren kwanar farko mai sa ciki ya juya.

Cadwell Park kuwa, a Ingilan dai, siriri ne, ga hawa da gangara, ga wani tudu da gwanaye ke tashi sama a kansa. Daɗi gare shi, amma ba ya yafe kuskure da sauƙi. Mugello a Italiya yana da miƙaƙƙiyar hanya da ta haura kilomita ɗaya. Mai ƙaramin babur zai ga ana wuce shi fuu, kamar yana tsaye.

Kar ka manta da ƙara. Filaye da yawa suna gwada salansa kafin a shiga, idan ta wuce iyakar ranar, sai kallo. Inshorar titi ma galibi ba ta biyan ɓarnar da aka yi a fili.

Kuma rukuni ba muƙami ba ne da za ka riƙa yawo da shi. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Idan kai matsakaici ne a filin da ka sani, sannan ka tafi Portimão a Fotugal, inda kwalta ke ɓacewa a bayan tudu ba ka ganin kwanar sai ka hau kanta, rubuta wa masu shiryawa tun kafin ranar. Faɗa musu filayen da ka taɓa hawa, sau nawa, a wane rukuni, da irin babur ɗinka, ka bar su su sa ka inda ya dace.