Aiki uku a wuyan mutum ɗaya: hira kan wasan dandamali

Balkisu: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka daga Njamena. Balkisu ce, ga Abakar, ga kuma Kawu Iliya, wanda yau maganar gidansu za mu yi, wato wasan kwaikwayo na dandamali.

Kawu Iliya: Wa alaikumus salam. To Allah ya sa ku bar ni in kai aya, don na san halin Abakar.

Abakar: Ai kuwa da ni za a fara, Kawu. Duk wanda na sani a harkar nan, ko a nan, ko Kusiri, ko Garwa, in ka tambaye shi aikinsa sai ya ce shi ɗan wasa ne, marubuci ne, kuma mai shiryawa. Shi ne liman, shi ne ladan. Ni dai ina ganin son suna ne.

Kawu Iliya: Wane suna, ɗana? Bari ka ji yadda abin yake faruwa. Yaro yana makaranta, malami ya sa shi a wasan ƙarshen shekara, aka yi dariya, aka tafa, shi ke nan abin ya shiga jininsa. Ya gama makaranta yana son ya ci gaba, sai ya duba ya ga wasannin da ke a littafi duk da Faransanci suke, mutanen unguwarsu kuma Larabcin kasuwa da Hausa suke ji. Dole ya ɗauki biro. Ya rubuta, babu mai ce masa kawo in sa maka a dandamali. Dole ya sa takalmi ya fita neman wuri da kujeru. Ba zaɓa ya yi ba, kowane aiki ne ya tura shi cikin na gaba.

Balkisu: Kawu, tsaya a kan rubutun nan. Na taɓa ganin littafinka na wasa, irin na 'yan makaranta mai bango shuɗi. Ban ga zance a ciki ba. Abin da na gani shi ne: "Fitowa ta biyu, mai gida ya dawo, uwargida ta ɓoye takardar asibiti, maƙwabciya ta tona." Layi uku, an wuce.

Kawu Iliya: Haka muke yi. Ƙashin labarin nake rubutawa, naman kuma a wurin gwaji ake sa shi. Wadda za ta fito a uwargida ta fi ni sanin yadda mace ke magana in tana ɓoye abu. In na rubuta mata zance, haddacewa za ta yi, ta zo tana karantowa kamar an tsare ta. In na ce mata ga halin da kike ciki, yi, sai ta fito da maganar da ban taɓa tunaninta ba. Wadda ta yi daɗi mu riƙe, gobe a maimaita, jibi ta zauna daram. Kuma a wasa ɗaya ɗan sanda zai yi Faransanci, mai shago ya yi Hausa, tsohuwa ta amsa da Larabci. Da wane harshe zan rubuta wannan?

Balkisu: To ai nan ne nake da ja. Wasannin da kuka yi shekarun baya, ina suke? Wanda ya riƙe zancen a ka ya rasu, ko ya koma Mundu, wasan ya bi shi. Dubi Baba Moustapha, marubucin wasan kwaikwayo na nan Chadi. An haife shi a 1952, ya rasu a 1982, shekara 30 kacal. Amma saboda ya zauna ya rubuta komai, wasansa Le Commandant Chaka, wanda ya caccaki mulkin kama-karya na soja, ya fito a 1983 bayan ba ya duniya, kuma har yau ana iya ɗauka a sa a dandamali. Gidan al'adu na garin nan sunansa yake ɗauke da shi.

Abakar: Yaya Balkisu, je ki kasuwar Dembe ki tambayi mutum goma wa ya karanta shi. Sunan ginin suka sani. Amma ki ce Samanja a zauren dattawan Hausawa ki ga yadda fuska za ta washe. Usman Baba Pategi tsohon soja ne, ya kwashi Hausar bariki ya mai da ita wasa a Kaduna, shi ne jigon shirin, shi ne kuma Samanjan. Da ya rasu a 2023 har nan an yi ta jimami, don iyayenmu sun saurare shi a Rediyon Kaduna.

Balkisu: Na'ura ce ta riƙe Samanja, Abakar. Rediyo da talabijin sun yi masa abin da takarda ta yi wa Baba Moustapha. Su Kawu ba su da ko ɗaya.

Kawu Iliya: Wannan kam gaskiyarki ce, 'yata. Marubutanmu na farko ma rediyo ce ta fito da su, ta gasar wasan kwaikwayo ta ƙasashen Afirka da rediyon Faransa ke shiryawa a wancan lokacin. Sai dai da Faransanci ake shiga. A Kamaru Guillaume Oyono Mbia ya buga wasansa na maneman aure uku a 1964, aka sa shi a makarantu, yara suka yi ta yinsa shekara da shekaru. Wanda ya yi wasa da harshen unguwa bai samu wannan ƙofar ba. Ga kuma yaƙi. A 1979 da 1980 garin nan ya watse, jama'a suka tsallaka kogi zuwa Kusiri da abin da hannu ya iya ɗauka. Wa zai tsaya neman littafin wasa? Koulsy Lamko, wanda shi ma yana wasa, yana rubutu, yana shiryawa, a waje ya yi yawancin aikinsa: Burkina Faso, Ruwanda, daga baya Meziko.

Abakar: To aiki na ukun fa? Don ni shi ne ban gane ba. Mene ne shiryawa in ba tara mutane ba?

Kawu Iliya: A nan ake mutuwa. Kai kana ganin an buɗe labule. Kafin nan an rubuta wa hukuma takardar neman izini, an yi ta sintiri a kanta. An yi cinikin wuri. An yi hayar kujeru da lasifika. An tanadi injin wuta da mansa, don ba ka dogara da wutar gari a watan Afrilu, kuma dole a kai injin can bayan katanga da doguwar waya, in ba haka ba ƙararsa ta danne muryar 'yan wasa. Kowane yaro yana jiran kuɗin kilando, wato babur ɗin haya, na zuwa gwaji, in babu, gobe ba zai zo ba, kuma ba ka da bakin yi masa faɗa tunda ba albashi kake biya ba. Ranar wasa kuma rabin masu shigowa 'yan'uwa ne. Wannan ƙanin matarka, wancan maƙwabci, wa za ka tare a ƙofa ka ce ya biya?

Balkisu: Ba ka faɗi na mata ba.

Kawu Iliya: Shi ne mafi wuya. Yarinya mai basira, sai na sa babbar riga na je zauren mahaifinta bayan la'asar, na gaishe shi, na yi bayanin labarin tun daga farko har ƙarshe, na yi alkawarin za a dawo da ita kafin magariba, ƙanenta kuma zai riƙa raka ta. Wani ya yarda, wani ya ce 'yarsa ba 'yar iska ba ce, ka tashi ka ba shi wuri. Wadda aka bari kuma, ana tsakiyar gwaji sai a sa ranar aurenta.

Balkisu: Shi ya sa Werewere Liking take burge ni. 'Yar Kamaru ce, ta je Abijan ta kafa Ki-Yi a 1985, wuri guda inda 'yan wasa ke kwana, suna koyo, suna aiki. Ta gane cewa in ba ka riƙe mutanen ba, rubutunka ba shi da mai faɗa.

Abakar: Amma yanzu ai akwai ƙungiyoyin agaji, Kawu. Suna biya.

Kawu Iliya: Suna biya, kuma ba zan raina ba, da kuɗinsu yara da yawa suka yi aure. Sai dai su ke kawo maganar: kwalara, rigakafin shan inna, auren wuri. Kai naka ka ɗinka mata riga. Akwai salon da ake tsayar da wasa a tsakiya a ce wa 'yan kallo wa zai hau ya gyara, wanda Augusto Boal na Barazil ya fito da shi, 'yan Burkina suka ƙware a kai. Yana aiki a ƙauye, na gani da idona, tsohuwa ta hau dandamali ta tsare mai fitowa a miji da faɗa har sai da aka riƙe ta. Amma marubucin da ya daɗe yana rubuta "a wanke hannu da sabulu", ranar da ka ce ya rubuta abin da ke cin ransa, sai ka tarar hannun ya sandare. Mugu a wasansa ba ya wuce jahilin uba, kuma kafin a rufe labule ya tuba.

Balkisu: Ni ban ga laifin wasan da ya hana yaro mutuwa ba.

Kawu Iliya: Ban ce laifi ba ne. Na ce kada ya zama shi kaɗai.

Abakar: To a cikin ukun, in aka ce ka ajiye ɗaya yau?

Kawu Iliya: Shiryawa, tun kafin ka rufe baki. Matsalar ita ce duk yaron da ya zo wurina dandamali yake so ya hau. Ban taɓa samun wanda ya ce Kawu, ni lissafi na iya, ba ni littafin kuɗi da takardun izini ba. Kai da ka karanta harkar kasuwanci, ga shi kana zaune.

Abakar: A'a Kawu, ni tambaya kawai na yi.

Balkisu: An dai ji ka a rediyo, ba ka da mafita. Masu saurare, nan za mu dakata. Mako mai zuwa za mu duba yaran da suka bar dandamali suka koma gajerun bidiyo a TikTok, kuma Kawu ya ce zai zo da sandarsa. Sai an jima.