Ba a Kwalba Ake Rainon Ciki Ba

Laccar da wata likitar mata ta gabatar a Gusau, an rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Iyayena, malamaina, ku yi mini uzuri, da 'yan jaridan da ke zaune can baya zan fara.

Sunan nan "jaririn kwalba" da kuke maimaitawa a rediyo yana cutar da mutane. Ƙwan mace da maniyyin mijinta ake haɗawa a ɗakin gwaji, bayan kwana 3 zuwa 5 a mayar cikin mahaifarta. Ita ke laulayi, ita ke naƙuda. Haka aka haifi Louise Brown a Ingila a 1978, ta girma har ta haifi nata.

Akwai wata baiwar Allah, shekara 12 tana ɗakin miji ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ta sayar da gonar gadonta, aka yi mata wannan aiki, Allah ya ba ta ɗa namiji. Ranar suna ina wurin. Mata suna ɗaga zanen goyo suna leƙa yaron, wata har da ƙirga masa yatsu. Mai jego ta juya fuska bango. Wallahi har yau abin yana cina.

Malamai kuwa sun daɗe da yin magana. Tun 1980 Muftin Masar, Sheikh Jadul Haƙ, ya halatta wannan aiki, muddin ƙwai da maniyyi na ma'auratan ne kuma igiyar aure tana nan. Sau nawa kuka karanta wannan a labarai?

Haka batun sikila. A 2023 Ingila ta amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayar halitta, sai Facebook ya ɗauka: an gano maganin sikila! Wata uwa ta zo mini da wayarta tana rawar jiki, 'yarta kwance ƙafa a kumbure. Ni aka bari da gaya mata cewa a Amurka kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne.

Abin da ke hannunmu shi ne gwajin jini kafin aure. In AS ya auri AS, wato masu ɗauke da ƙwayar sikila a jininsu amma ba su da ciwon, kowane ciki, ku ji da kyau, kowane ciki, akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Kuma a yi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, don in an riga an haɗa lefe, babu mai jin maganar likita. Wannan nake roƙo ku sa a shirinku na gobe da safe.