Amsoshin Tambayoyinku: Gwajin Taki a Fadama da Lissafin Bambanci

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Malam, wasiƙar farko daga wani manomin shinkafa ce a Argungu. Ya ce bara ya raba gonarsa biyu, ɓangaren bakin gulbi ya zuba yuriya buhu biyu, na tudu buhu ɗaya, na bakin gulbi ya fi yi. Yana tambaya ko wannan ya isa hujja a kan cewa buhu biyu ya fi.

Malam: Wa alaikumus salam. Alhaji ya yi ƙoƙari, amma bai isa hujja ba. Ɓangarorin nan sun bambanta ta hanya biyu, yawan taki da kusanci da ruwa. Bakin gulbi ya fi danshi, ambaliya kuma tana ajiye masa laka, ko ba a ƙara masa taki ba yana iya fin na tudu. Babu lissafin da zai raba aikin taki da aikin ƙasa a irin wannan gwaji.

Wannan matsala ce masanin lissafi Ronald Fisher ya tarar lokacin da ya fara aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila a 1919, kuma a littafinsa na 1935 kan tsara gwaji ya shimfiɗa maganinta: a maimaita, a raba ta hanyar ƙuri'a, a haɗa ƙasa mai kama da juna a rukuni guda.

Ga yadda Alhaji zai yi bana. A ce ma'auni huɗu yake son gwadawa: babu yuriya, kaɗan, matsakaici, da mai yawa. Ya ja layi huɗu, kowane layi ya bi tsawon gulbi, na farko daf da ruwa, na huɗu can wajen tudu. Kowane layi ya yanka shi fangali huɗu, misali mita 3 a kan mita 4, ya zama fangali 16 ke nan. Sai ya rubuta ma'aunan huɗu a 'yan takardu, ya naɗe, ya zuba a hula, yaro ya zaro ɗaya bayan ɗaya, fangalin farko ya ɗauki abin da aka fara zarowa. A sake ƙuri'ar a kowane layi, kada a kwafi tsarin layin farko. Dalilin ƙuri'a shi ne hannun mutum yakan kai takin da yake so wurin da ya fi kyau ba tare da ya ankara ba.

A ɗaga kunya mai kauri tsakanin fangali, kowanne ya sha ruwa daga magudana kai tsaye. In ruwa ya ratsa daga wannan fangali zuwa wancan, yuriya ta narke ta bi shi, wanda ba a sa wa taki ba ya ci na maƙwabcinsa. Iri ɗaya za a dasa, a ce FARO 44, rana ɗaya, tazara santimita 20 a kan 20. Ranar yanka a bar layukan gefe, a auna na tsakiya kawai, a busar da shinkafar kowane fangali daidai da ta sauran, danshi wajen kashi 14 cikin 100, kafin a ɗora a sikeli. In ba haka ba ruwa za a auna.

Mai gabatarwa: Madalla. Wata ɗaliba daga jami'ar da ke Aliero ta ce ta gwada iri uku, kowanne a fangali ɗaya, ta auna tsirrai 20 a kowane fangali. Malaminta ya ce ba ta maimaita ba, ita kuma tana ganin ta maimaita sau 20.

Malam: 'Yata, malaminki ya yi gaskiya. Tsirran nan 20 ƙasa ɗaya suka ci, ruwa ɗaya suka sha. Abin da aka raba wa iri shi ne fangali, don haka fangali ake ƙirgawa. Ki ɗauki matsakaicin tsirran 20 ya zama lamba ɗaya, ki nemi ƙarin fangali.

Mai gabatarwa: Allah ya gafarta Malam, ga ta wani malamin gona daga Jega. Ya ce shi wannan lissafi da ake kira ANOVA, me yake yi takamaimai, kuma me zai hana a riƙa kwatanta biyu-biyu kawai?

Malam: Abin da yake yi shi ne rarraba bambanci. Fangali 16 ɗin nan ba za su ba da nauyi ɗaya ba. Lissafin yana ɗaukar nisan kowace lamba daga matsakaici, ya ninka shi da kansa, ya tara, sannan ya kasa jimillar kashi uku: na taki, na layi, da saura wanda ba a san sanadinsa ba. Kowane kaso akwai lambar da ake raba shi da ita. Ta taki ita ce yawan ma'auni 4 ban da 1, wato 3. Ta layi ma 3. Ta saura 3 sau 3, wato 9.

A ce kason taki ya fito 72, a raba da 3, 24 ke nan. Saura ya fito 36, a raba da 9, 4 ke nan. Sai a raba 24 da 4, a sami 6. Wannan ita ce lambar F. Da a ce taki ba ya komai, da ta tsaya a kusa da 1. A jadawalin F, wanda ke nuna iyakar da F za ta haura kafin a yarda da bambanci, a mahaɗar 3 da 9, a matakin haɗarin kuskure na kashi 5 cikin 100, an rubuta 3.86. Tunda 6 ta haura ta, sai mu ce da wuya sa'a kaɗai ta kawo bambanci mai girma haka.

Batun biyu-biyu kuwa, abu huɗu yana ba da kwatanci shida. Kowane kwatanci yana da haɗarin kashi 5 cikin 100 na nuna bambancin da babu shi, in aka tara shida haɗarin yana iya kai wa wajen ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa ake fara duba F. Ita kuma F iyakarta ta ce akwai bambanci a wani wuri, ba ta faɗin tsakanin wanne da wanne. Don wannan sai a bi da gwajin Tukey, yana nan a manhajojin lissafi na kwamfuta irin su R, wadda kyauta ce, da SPSS.

Abu biyu nake roƙon malaman gona su kiyaye. In F ba ta kai ba, kada a gaya wa manoma takin duk ɗaya ne, domin sau da yawa ƙarancin maimaici ne ya ɓoye bambancin. In kuma ta haura, a lissafa kuɗin ƙarin buhun a kwatanta da kuɗin ƙarin shinkafar kafin a ba da shawara.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe daga Suru: tsuntsayen jan baki sun cinye fangali ɗaya ƙurmus, ko a rubuta sifili?

Malam: A'a. Sifili yana nufin takin ne ya kasa, alhali tsuntsu ne ya ci. A bar gurbin babu komai, a rubuta dalili a littafin gona, manhajar za ta yi lissafi da fangali 15, lambar raba saura ta sauko daga 9 zuwa 8, a duba jadawali a mahaɗar 3 da 8.

Mai gabatarwa: Mun gode, Malam. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.